Yadda Sensar Salansa Ta Mai Da Ni Ɓarawon Fetur

Ɗan kawuna ya kira ni ɓarawo a gaban mutane, a ƙofar gidansa da ke Gwandu, bayan sallar la'asar. Yana faɗa yana dariya, don kada in sami bakin magana. Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa shi, ko goron da ya mance a mota ban taɓa ɓantara ba.

Taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya. Kowa ya san taubashi yana iya gaya maka duk abin da ya ga dama, in ka ɓata rai kai ne ba ka san wasa ba. Benci ɗaya muka zauna a firamare. Shi ya wuce, ni na tsaya a aji biyu na sakandare, shekarar da babana ya rasu. Yau shi Alhaji ne mai harkar shinkafa, yana da gona wajen Wurogauri, ni kuma direbansa. Ban taɓa jin ciwon wannan ba sai ran nan.

Abin da ya jawo maganar, motar ce ta fara shan mai kamar raƙumi. Da, in na cika tanki, mu je Kalgo mu dawo har sau uku allurar mai ba ta kwanta ba. Sai ya zama zuwa biyu da ƙyar. Ran nan ya leƙa ya ga allurar, ya juyo wajen mutanen da ke kan tabarma ya ce, "Jama'a, ku taya ni murna, direbana ya buɗe gidan mai. Taubashi, ina kake ɓoye tiyon?"

Aka kwashe da dariya. Ni ma na washe baki, don haka al'ada ta ce. Amma daga ranar ya ce motar ta daina kwana a gidana. Ka ga kuwa wasa ba ya canja wa mota wurin kwana.

Kafin sati biyu magana ta zaga gari. In na wuce 'yan bumburutu masu sayar da fetur a galan, sai su ɗaga mini hannu: "Malam, akwai kaya yau?" Matata ta je suna ta dawo ba ta ci tuwon ba, wai wata ta tambaye ta ko lita nawa ne zanen da ta ɗaura. Ni ba gona gare ni babba ba, ba takarda ba. Sunana kaɗai nake da shi, da shi ake ba ni makullin mota a tafi a bar ni.

Na san motar ce ba lafiya, don ni ke jin ta. In ta tsaya a silo, inji na aiki ba a taka ba, tana rawa. Bakin salansa, in ka zura yatsa, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, ga warin ɗanyen fetur. Na kai ta wurin bakaniken da muke zuwa a Gwandu. Ya canja fulogi, ya wanke nozul, ya kaɗe matatar iska. Kwana huɗu fulogin suka sake yin baƙi. Ya ce zobban inji ne, a sauke inji. Na ce masa injin da ba ya cin baƙin mai, ba ya hayaƙi shuɗi, ba zobba ba ne. Karatuna bai yi nisa ba, amma ba a yi mini wannan.

Lokacin yankan shinkafa, na sauke Alhaji a gona da safe, na san ba zai neme ni ba sai yamma. Na juya Kalgo, wurin wani dattijo mai rewaya, wato gyaran wayoyin mota, da direbobi ke cewa yana da kwamfutar duba mota. Mutum ne mai ciwon baya, a kan kujera yake aikinsa. Ya shiga ya kunna makulli, ya daɗe yana kallon dashbod, sai ya sa farce ya ɓamɓare wani baƙin salatif. Ƙarƙashinsa ga 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji, tana ci.

"Wa ya rufe ma wagga baki?" in ji shi.

Ni ne. Da hannuna na liƙa, wajen shekara biyu da suka wuce. Fitilar ta kama, na gaya wa Alhaji, ya ce motocin zamani tsegumi gare su, tunda tana tafiya a rufe ta, tana damun idonsa. Rabin motocin tasha haka suke yawo, kowa da salatif ɗinsa.

Dattijon ya ce, "Mota tana ta kuka, kun toshe mata baki, kun koma zargin juna."

Ya soka na'urarsa ƙarƙashin sitiyari, ya karanta, ya ce sensar iska ce ta mutu. Ya yi mini bayani yadda zan gane. Wani ɗan ƙarfe ne kamar fulogi, a ɗaure jikin bututun salansa, aikinsa shinshina hayaƙin da ke fita ya gaya wa ƙwaƙwalwar mota ko fetur ya isa. In ya lalace, sai ƙwaƙwalwar ta yi ta zuba mai, rabi ya ƙone, rabi ya fita ta baya. Watau feturin da aka ce na sha, titin Kalgo ne ya sha shi.

Na ce ni zan kwance ta da kaina. Muka ɗora motar a kan rami, na shiga da tocila, na bi salansa daga baya har na ga wani abu da waya a jikinsa, bayan tukunyar da ke tace hayaƙi. Na yi kabbara na ɗauki sifana, sai dattijon ya tsai da ni.

"Tsaya, malam! Biyu ne. Waccan lafiyarta lau, ta gaba muke nema."

Ta gaban tana sama, kusa da inda salansa ya fito daga inji, bayan wani faranti na kare zafi. Daga ƙasa ba ka ganinta, sai ka buɗe bonet ka kwanta a kan inji. Na cire farantin, na bi wayarta har soket, na danna kunnen na zare. Ita kanta ta ƙi motsi, tsatsa ta kama ta. Na ɗiga mata man burki, muka je muka yi azahar. Da muka dawo na zura wayar ta cikin zoben sifana mai lamba ashirin da biyu, na ɗora ɗan bututu a hannun sifanar, na ja a hankali. Ta yi ƙara ta saki. Fatar bayan yatsuna biyu na bari a wurin. Kan sensar ya toshe da baƙar toka, ko ramukan ba a gani.

Na hau kabu-kabu zuwa Birnin Kebbi da ita a aljihu, don dattijon ya ce kada in yarda da wadda wayoyinta ba huɗu ba ne, ko bakin soket ɗin ya bambanta, ko an rantse mini za ta yi. Shago na uku na samu. Na dawo na fara ɗaura ta da yatsa, don kada zaren ya karkace, sannan na matse, na kau da wayar daga jikin ƙarfe mai zafi. Dattijon ya goge laifin a na'urarsa. Na tayar, fitila ta mutu, inji ya kwanta shiru kamar jaririn da ya ƙoshi.

Kuskurena ɗaya, ban gaya wa Alhaji ba. Na ce bari allura ta yi mini shaida. Ta kuwa yi. Sati biyu muna zuwa Kalgo muna dawowa, mai ya koma yadda yake da. Sai ran wata Laraba, a kan tabarmar nan, gaban mutanen nan, ya ɗaga murya ya ce, "Alhamdu lillahi, taubashina ya tuba! Wa'azi ya yi amfani."

Suka sake dariya. Wannan karon ban washe baki ba.

Washegari da safe, da na je wanke motar, na buɗe bonet na kwance sabuwar sensar, na mai da tsohuwar inda take. Hannuna ya riga ya san hanya, ko minti ashirin ban yi ba. Na jira har la'asar, sai da tabarma ta cika. Na yi sallama, ban zauna ba. Na ajiye makulli a gabansa, da sabuwar sensar a cikin leda.

Ya ce, "Taubashi, mi ya faru? Wasa ne fa."

Na ce, "Alhaji, na san wasa, tun muna yara muke yinsa. Ka ce mini mummuna, ka ce mini rago, duk na ɗauka. Amma wanda ake wasa da shi ba a hana mota kwana gidansa. Ga abin da ke shan manka, na samo shi, na gyara da hannuna, ka ce tuba na yi. To na mai da lalatacciyar. Ka tuƙa da kanka sati guda, ka sayi mai da kanka, ka kwana da makulli ƙarƙashin matashinka. In allura ta faɗi, ka zo nan, wurin nan, ka gaya wa mutanen nan wa ya sha. In ka faɗa, zan zo in ɗaura maka sabuwar, saboda kawu. Tuƙi kuwa, ka nemi wani."