Galan ɗin kananzir na Kaka

Rannan na bi ta bayan wani shago a Tudun Jukun, warin kananzir ya daki hancina, sai ga ni a ɗakin kakata, can gidanmu na Ƙofar Jatau. Kai da ka tashi da fitilar caji ba lallai ka san warin nan ba. Mu kuwa har a tuwo mun ci shi.

A ɗakin Kaka nake kwana, mahaifiyar babana. Tun da ƙafafunta suka ƙi, ko zaure ba ta leƙawa. Abin da ya rage mata shi ne wani tsohon galan na ƙarfe, kore, wanda fentinsa ya gama koɗewa, da mazurari da 'yar kwalbar awo. Kananzir take sayarwa. Da la'asar sakaliya matan maƙwabta za su fara sallama, kowacce da fitilar ƙwai a hannu. Awon na ɗan lokaci ne, amma hirar sai an kira magariba. A nan Kaka ke jin wadda ta haihu da wanda ya dawo daga Makka.

Wata shekara gindin galan ya yi tsatsa ya fara yoyo. Kaka ba ta gaya wa kowa ba. Ta sa na kifa shi, ta tauna gutsuren sabulun wanki ta danna a hujin da babban yatsa. Dabarar ta riƙe duk rani, don kananzir ba ya narka sabulu. Da damina ta sauka, daɓe ya ɗauki sanyi, sabulun ya jiƙe ya sulale. Man ya bi ƙasa har gindin buhun garin dawa, ranar nan tuwon gidan gaba ɗaya aka zubar.

Baba ya shigo ya durƙusa a bakin ƙofa. "Iya, a haƙura da sana'ar nan. Me kika rasa?"

"Ban rasa ci ba," in ji ta. "Sallama nake saye. In babu galan, wa zai ɗaga labulen nan?"

Baba ya miƙe ya fita. Ya aika aka kira wani dattijo mai liƙin kwanuka, wanda ke yawo da kaskon gawayi da sandar dalma. Dattijon ya buɗe murfin, ya sunsuna, ya girgiza kai. Ya ce shi ba ya kusantar da wuta ga galan mai warin mai, ko an tsiyaye shi ƙaf, domin iskar da ta rage a ciki ita ke fashewa. Sai an wanke da toka da ruwan zafi, an shanya shi baki buɗe har warin ya mutu.

To, rana a watan marka kuwa sai an roƙa. A fitar da galan, hadari ya haɗo, a mayar. Dattijon ya zo ya sunsuna ya ce da saura, ya tafi. Haushinsa na ji ba kaɗan ba, har na laƙaba masa Sarkin Hanci. Matan unguwa dole su kunna fitila, suka koma wajen mai shagon bakin titi. Kaka takan yi wanka da la'asar, ta ɗaura kallabi, ta zauna tana fuskantar labule. Tausayinta ya hana ni fita wasa.

Da warin ya mutu, aikin bai kai tafasar ruwan shayi ba. Dattijon ya kankare tsatsar har ƙarfen ya yi fari, ya ɗora ɗan gwangwani, ya zagaye da dalma, ya cika galan da ruwa muka ga ko ɗigo babu. Aka busar, Baba ya cika shi da mai.

Yammar nan shiru, har inuwa ta cinye tsakar gida. Can sai ga sallamar wata maƙwabciyarmu. Ta miƙo mini fitilarta, na ji ta da nauyi, na buɗe, cike take fal. Zan yi magana ta harare ni.

"Iya, a ɗan ƙara mini."

Kaka ta karkata galan, ta ɗiga abin da bai cika cokali ba, ta ce, "Zauna mana, ina labari?"

Yau mahaifiyata ce a ɗakin, ita ma ƙafa ta ƙi. Mun sa mata sola da fanka, mun saya mata waya, komai aiko mata muke yi. Galan ɗin na nan ƙarƙashin gado, dalmarsa ba ta ko motsa ba. Da na je gaishe ta Juma'ar da ta wuce, na tarar ta yi wanka ta ɗaura kallabi, tana fuskantar labule. Na ce ko tana jiran baƙi ne. Ta ce a'a.