Zauren Gwaggo da Shuɗiyar Rumfa

Gwaggona, yayar mahaifina, ta yi shekaru tana sayar da abinci a Tasawa, amma ba ta taɓa yarda a kira ta mai tuwo-tuwo ba. Gidanta yana bayan kasuwa, yana da zaure biyu, a na ciki ake ci. Wanda ke son abincinta sai ya aiko tun da hantsi, ko ma tun jiya, ya faɗi ko su nawa ne. In ya zo a zuba masa ruwa ya wanke hannu, ya zauna bisa tabarma, ya jira. Tuwon gero take yi, mai laushi, a cikin akushi, a rufe da faifai. Miyar kuka ce ko ta kuɓewa, da daddawar da ita ke yi da hannunta, da zabo, da man shanu wanda wata Bafulatana ke kawo mata duk ranar kasuwa. In an gama a kawo fura da nono. Ba wanda ke ci a tsaye, ba kuma wanda ke aikowa a ce ta yi sauri.

Masu cin abincinta sanannu ne: ma'aikatan buro, wato ofishin gwamnati, manyan 'yan kasuwar gyaɗa, wani tsohon mushe na lakwal, wato malamin makarantar boko, wanda matarsa ta rasu, da baƙin kwamanda mai mulkin yankin in sun zo daga Maraɗi. Sukan zauna daga azahar har rana ta karya, ana hira.

Na zo wurinta ina da shekara ashirin da 'yan kai, da ɗiya biyu. Mijina ya tafi cin rani kudu, aka rufe iyaka, labarinsa ya yanke. Mahaifina ya ce in tashi daga ƙauyenmu na wajen Kona in je in kama wa yayarsa aiki, tunda ita Allah bai ba ta haihuwa ba. Ni ke surfe da daka da wanke-wanke. Tukunyar miya kuwa ba ta bari kowa ya taɓa. Takan ce in na ƙara shekara za ta nuna mini.

A lokacin ne wani Alhaji na Maraɗi ya fara kafa rumfunan abinci a tasha. Rumfar kwano ce mai shuɗin fenti, da dogon tebur da benci biyu. Ya kafa ɗaya a Tasawa, ɗaya a Mayahi, ranar kasuwa kuma a buɗe wasu a Kanan-Bakashe da Gidan Amumune. Duk iri ɗaya ne. Shinkafa da wake da mai da yaji, taliya, burodi da ƙwai, shayi. Motarsa ke raba kayan, har dunƙulen miya a ƙidaye ake ba kowace mai dafuwa, don wanda ya ci a Tasawa in ya ci a Mayahi kada ya ji bambanci. Direban kamiyo, babbar motar kaya, zai tsaya, kafin a gama zuba masa ruwa a inji ya ci ya ƙoshi.

Da farko Gwaggo ba ta damu ba. Ta ce abincin matafiya ne, mutanenta ba za su je ba.

Abu biyu suka haɗu suka karya wannan magana. Na farko, sojojin da ke mulki sun matsa wa ma'aikata. Ana iya zuwa buro ba sanarwa, duk wanda ba a tarar a kujerarsa ba ya shiga uku. Zaman hira bayan azahar ya zama abin tsoro. Na biyu, ruwa ya ɗauke. A shekarar gero ya fito har gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. Mutanen arewa suka fara gangarowa da raƙuma da jakuna waɗanda ƙashinsu ke bayyane, suka sauka a bakin gari. A irin wannan lokaci ma'aikacin gwamnati ba ya son a gan shi yana fitowa daga zauren da ake cin zabi. Ɗaya bayan ɗaya suka daina aikowa. Ina wucewa ta tasha zuwa rijiya, na riƙa ganinsu a shuɗiyar rumfa, suna cin shinkafa da cokali suna duban agogo.

Tsohon mushe ne ya daɗe bai daina ba. Wata rana bayan ya ci, ya kira ta bakin zaure. Ina tattara kwanuka, na ji su.

Ya ce, "Hajiya, zamani ya juya. Ki aza tukunyar shinkafa a ƙofar gida. Mutanenki na son ki, lokaci ne ba su da shi."

Ta ce, "Mushe, ni ban iya ciyar da mutum yana tsaye ba."

"Ai ba cewa na yi ki bar tuwo ba."

"In na aza shinkafa, tuwon ya tahi ke nan. Hannu biyu gare ni."

Ya sa takalmansa ya tafi. Bayan wata guda shi ma aka mayar da shi wani gari.

Gero ya yi wuya a kasuwa, sai jar dawa ta agaji, wadda tuwonta ke yin gautsi yana tsayawa a maƙogwaro. Mu a cikin gida ita muke ci. Amma Gwaggo ta ƙi kai ta zaure. Ta ce ba za ta karɓi kuɗin mutum ta ba shi abin da ita kanta da ƙyar take haɗiyewa ba. Zabi suka ƙare a ƙauyuka. Bafulatanar ma ta daina zuwa. Sai a yi kwana uku ba a shimfiɗa tabarma ba, ko da yake kullum sai ta sa na share zauren na yayyafa ruwa.

Ɗiyata ƙarama ta fara ramewa. Wannan shi ya sa, da mai kula da rumfunan Alhaji ya tare ni a hanyar rijiya ya ce suna neman mai dafuwa a Mayahi, ban ce a'a ba. Ya ce ya san a hannun wa na koyi aiki. Za a ba ni ɗaki, ni da yarana mu ci daga tukunya.

Na yi kwana biyu ban iya gaya mata ba. A rana ta uku tana zaune tana tsince ganyen kuka, na durƙusa na faɗa. Ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Wurin mai shuɗin fenti?"

Na ce, "I, Gwaggo."

"Ke kika neme shi, ko shi ya neme ki?"

"Shi ya tare ni."

Ta daɗe tana tsince ganyen. Sannan ta ce, "Tahi, ɗiyata. Yara ba su san mutunci ba, ciki suka sani. Amma ki riƙa wanke shinkafar sau biyu, ko ba su ce ba." Da zan fita ta ƙara da cewa in bar mata babbar ɗiyata ta riƙa ɗebe mata kewa. Na bar ta.

Aikin Mayahi ba ya son tunani. Tun da safe in aza tukunya biyu manya, in zuba abin da aka auna mini, in tsaya bayan tebur da ludayi. Ranar kasuwa ba na ganin fuskoki, hannuwa kawai nake gani da faranti. Na je da raini a zuciyata, irin wanda na ɗauko daga zauren Gwaggo, amma bai daɗe ba. Abincin yana da araha, kuma a wannan shekara araha ita ce rai. Akwai wani Buzu dattijo, dogo, mai rawani, wanda aka ce ya taɓa mallakar garken raƙuma. Yakan sayi faranti ɗaya, ya koma inuwar bango, iyalinsa su biyar su zagaye farantin, shi kuma ya juya baya kamar ba ya jin yunwa. Irin waɗannan mutane ko a lokacin wadata ba za su taɓa shiga zauren Gwaggo ba. Na riƙa danna ludayi in ya miƙo faranti. Ban sani ba ko mai kula da rumfar ya lura, bai dai taɓa magana ba.

Wani lokaci tsofaffin masu cin tuwonmu sukan biyo ta Mayahi a kan aiki. In suka gane ni sai su tambayi lafiyar Hajiya da sauri, su karɓi faranti su koma can ƙarshen benci.

Bayan wata huɗu na samu izini na je Tasawa ganin ɗiyata. Na iso da hantsi, na tarar da hayaƙi na tashi daga madafa, da ƙamshin da na daɗe ban ji ba. Na ɗauka wani babban baƙo ne ya aiko. Na leƙa zaure, sai na ga Bafulatanar nan mai man shanu, ita da mijinta da surukarta tsohuwa, a zaune bisa sabuwar tabarmar da ake shimfiɗa wa baƙin kwamanda. Shanunsu sun mutu, ba su da ko ɗaya. Sun zo gari ne a ƙasa, ta biyo don ta gaishe da Gwaggo ta kuma ba ta haƙuri kan daina kawo mai.

Ashe Gwaggo ta ɓoye tiya uku ta gero a cikin randa, ta ajiye don ranar da wani daga cikin mutanenta zai aiko. Shi ta fitar. Ta aika aka nemo mata kaza, tunda babu zabo. Ta ce mini, "Kin zo daidai. Ɗauki buta ki zuba musu ruwa."

Na zuba. Mijin ya ƙi miƙa hannu da farko, yana cewa su ba su aiko ba, ba su da abin biya. Gwaggo ta fito da akushi da kanta ta ajiye a gabansa.

Ta ce, "Shekara nawa ina cin man shanunku? Ku ci, kada ku yi sauri."

Suka ci a hankali. Tsohuwar tana ci hawaye na zuba, ba ta share ba. Gwaggo ta zauna a bakin ƙofa kamar yadda ta saba, tana jiran a gama ta kawo fura, ko da yake furar ta ranar babu nono, da ruwa da tsamiya aka dama ta. Mu da yara muka ci ƙanzo da sauran miya a madafa.

Da la'asar, bayan sun tafi, ta sa na wanke akusan duka na kife su a rana. Ta ce, "Wanga shi ne na ƙarshe. Na gama." Na ce ai ruwa zai dawo, gero zai dawo. Ta ce ta sani, amma mutanen da suka koyi ci da sauri ba za su dawo ba, ita kuma ƙarfinta ya tafi. Ban yi mata musu ba.

Kafin damina mahaifina ya zo da amalanke ya ɗauke ta zuwa ƙauye. Wani ɗan kasuwa ya karɓi gidan ya mayar da zauren wurin ajiye buhuna. Ruwa ya sauka sosai a wannan shekara, ta ga sabon gero, ta ci tumu. Bayan girbi ta kwanta ciwo na 'yan kwanaki. Saƙon rasuwarta ya iske ni ranar kasuwar Mayahi, ina tsaye bayan tebur, kuma ba wanda zan bar wa tukunya. Sai da kasuwa ta watse na samu mota. Na isa an riga an kai ta.

Mijina ya dawo bayan an buɗe iyaka, ya same ni a Mayahi, muka zauna a can. Na yi shekara tara ina yi wa Alhaji aiki a rumfar. Da Alhajin ya rasu 'ya'yansa suka kasa riƙe rumfunan, kowace mai dafuwa ta ci gaba da tata, ni ma haka. Da ita na aurar da ɗiyana biyu, na sa ƙannensu a lakwal. Babbar, wadda ta zauna da Gwaggo a watannin ƙarshe, ita ce yanzu ke tsaye bayan tebur. Ni ƙafa ta hana ni tsayuwa, ina zaune a gefe ina tsince wake.