Littafin da Baffa Ya Tsana

Muna idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da abokiyar aikina da direban da muka ɗauko shata. Jama'a, rabon da in yi ɗokin tafiya irin wannan har na manta! Ina koyar da tarihi a makarantar 'yan mata, amma ɗakin karatunmu ba shi da littafi ko ɗaya a kan shugabannin farko na ƙasar nan. Shi kuwa Baffa, yayan mahaifina, tsohon hedimasta ne a Doguwa, yana da akwatin ƙarfe cike da su. Idonsa ya yi rauni, sai ya aiko cewa in zo. In na iya zaɓen littafi zai ba ni akwatin, in ban iya ba gara ta ci abinta.

Ƙasar Bebeji kore shar, masara ta fi mutum tsawo. A Kwanar Dangora muka tsaya shan shayi, nan na hango mai tallar littattafai ya baza a tabarma. Na sayi wani mai bango mai sheƙi, hoton shugaban jam'iyyar su Baffa ta da a gaba, na ce ga tsaraba ta samu. Abokiyata ta sayi rake, ta yi ta tauna har muka wuce gonakin Kiru.

A Tudun Wada buhunan shinkafa ne jibge a bakin titi. Muka sha fura da nono mai kauri wurin wata Bafulatana, arha kamar kyauta. Da muka shiga dajin Falgore direba ya daina surutu ya kama salati, ga ramuka ga shanu suna tsallaka titi ba ruwansu da kowa. Kafin azahar duwatsun Doguwa suka bayyana.

Na durƙusa na gaishe da Baffa, na miƙa tsarabata ina murmushi. Bai ko kalli hoton ba. Ya juya littafin ya buɗe daga baya, kamar mai karatun Larabci.

"Malama, ina isnadinsa? Daga bakin wa ya ji?"

Babu. Masu buga irin waɗannan na tasha cire shafukan ƙarshe suke yi, inda marubuci ke jera madogararsa, don takarda ta yi musu auki. Kunya ta rufe ni, wai ni ce malamar tarihi!

Ya buɗe akwatin ya ciro littattafai biyu a kan wannan shugaban, ya ce in zaɓi wanda zan koyar da shi. Na farko wani na hannun damansa ne ya rubuta, yabo ne tun daga haihuwa har kabari. Na biyu ya kawo alherinsa, ya kuma kawo kurakuransa, da wasiƙu da jaridun lokacin da sunayen waɗanda aka zanta da su. Na san Baffa ya sha kulki a kan mutumin nan yana saurayi. In na zaɓi na biyu zai iya cewa na zagi gwaninsa a cikin gidansa.

Na rufe ido na miƙa masa na biyun.

Ya karɓa ya yi ta jujjuya shi har na fara tunanin yadda zan koma hannu rabbana. Can ya ce, "Wannan littafi na tsane shi. Shekara da shekaru ina neman ƙaryarsa, wuri ɗaya tak na samu." Ya zaro mabuɗin akwatin daga aljihu ya ɗora min a tafin hannu. Wallahi sai da na yi guɗa a zaure!

Muka ci tuwon masara da miyar kuɓewa, aka ɗaure akwatin a but ɗin mota, muka juyo. Tsarabata kuwa Baffa ya riƙe, ya ce za ta yi fifita.

Mun iso gida ana kiran magariba. Abin da na koyo shi ne in fara duba littafin tarihi daga baya, in ga wa ya faɗa, a ina ya ji, kuma ko ya iya faɗin laifin gwaninsa. Washegari ina jera littattafan a kantar ɗakin karatu sai na buɗe na biyun, na ci karo da wurin ɗaya tak ɗin. Labarin wani taro ne a Tudun Wada da littafin ya ce 'yan jam'iyyar sun watse da gudu, a gefen shafin kuma rubutun Baffa da fensir: "Ina wurin. Ba gudu muka yi ba, ruwa ne ya kore mu."