Fitilar da Baba Ya Riga Ni Gani

Akwai wata Asabar da ba na jin za ta taɓa fita daga raina. A lokacin mahaifina ya kawo mini ziyara daga garinmu Takoradi, ni kuma ina ƙasar waje ina aikin kula da tsofaffi a Stapleton, wata unguwa da ke bakin teku. Wata biyu yana ɗaki, daga kan sallaya sai bakin taga. Kullum maganarsa ɗaya, a yanka masa tikiti ya koma gida. Ni kuwa ban so ya tafi ransa a ɓace ba.

Sai wata abokiyar aikina ta ba ni labarin wani ƙaramin jirgin ruwa da ke kai mutane kallon tsohuwar hasumiya mai fitila, wadda ke nuna wa jirage hanyar shiga tasha. Da ƙyar na lallaɓa Baba ya yarda.

Muna matsowa kusa da ita, 'yar guntuwa a kan duwatsu a tsakiyar ruwa, sai Baba ya miƙe zumbur, sandarsa ta faɗi bai ko waiwaye ta ba.

"Ita ce! Wallahi ita ce!"

Na riƙe masa hannu na ce, "Baba, wace ce?"

"Ke, fitilar nan na san ta tun ba a haife ki ba!"

Ashe yana saurayi ya yi aiki a ɗakin injin wani jirgin ruwa mai dakon koko, wanda ake yin cakulan da shi. Ya ce guguwa ta yi kwanaki tana jijjiga su har sun fid da rai, sai da asuba suka hango haskenta cikin hazo, ƙarti suka rungume juna suna kuka. Ba shi da takardar sauka, don haka daga kan jirgi ya kalli wannan birnin da nake zaune a ciki ya juya.

Mai yi wa fasinjoji bayani a jirgin ya ga abin da ke faruwa, ya miƙa masa lasifika. Jama'a, Baban da na ɗauka ba ya jin Turanci sai ga shi yana zuba irin na ma'aikatan jirgi, yana kwatanta igiyar ruwa da hannu! Fasinjoji suka yi ta tafi, ni ina dariya ina share hawaye. Ya rufe da cewa, "Allah Ya saka wa duk wanda ya taɓa kunna ta."

A hanyar gida bakinsa bai rufu ba, kuma sai da ya ƙara zaman wata guda a wurina da son ransa.

Tun ranar na gane cewa iyayenmu na ɗauke da labaran da ba mu sani ba, don kawai ba mu taɓa zama mun tambaye su ba. Wanda nasa ke raye, ya tambaya tun yau.