Garin Kifin Umma

Wata Asabar cikin sanyin shekarar 1988, Umma ta tsaya gaban mai kifi a kasuwar Woolwich, can ƙasar Turawa inda muke zaune, ta toshe hanci da gefen mayafinta, ta nuna wani kwando da aka ture gefe. Ƙananan kifaye ne masu maiƙo, tsawon yatsa, waɗanda ba a cika waiwayarsu ba. Ina riƙe da keken da ake tura ƙanena Habibu a ciki ina kallonta da mamaki, domin Umma mutuniyar Gumel ce da ba ta cin kifi. Ko a gidan biki ta ji ƙarninsa a miya, janye hannu take yi.

Habibu ya kusa shekara uku bai iya tafiya sosai ba. Ƙafafunsa sun lanƙwashe kamar baka, in ya yi 'yan taku sai ya zauna yana kuka. A asibiti likita ta ce ƙashinsa ne ya yi laushi saboda rashin hasken rana. Abin ya daki Umma. A gida gudun rana ake yi, ita kuwa tun haihuwarsa take naɗe shi cikin barguna a gidanmu na saman bene a unguwar Plumstead don kada sanyi ya kama shi. Aka ba shi maganin ɗigawa a baki, aka ce a riƙa fita da shi, a kuma ba shi kifi mai maiƙo. Sai dai Habibu ya gado ta, da ya ji kifi a bakinsa zai tofar.

Umma ba ta yi jayayya da shi ba. Ta riƙa gasa kifin a wuta kaɗan-kaɗan har ya bushe ƙayau, ta daka shi da ƙayarsa a ƙaramin turmin da ta zo da shi daga gida, ni kuma in tankaɗe. Wata tsohuwa 'yar Ireland da ke ƙasanmu ta hau don ta yi ƙorafin dakan. Da ta ga ƙafafun yaron sai ta fasa, ta koma ta kawo wata busasshiyar ciyawar teku mai gishiri, ta ce a ƙauyensu na bakin ruwa da ita ake rainon yara. Umma ta tambayi likita, aka ce ta sa kaɗan. Ta raɗa wa ciyawar suna kukar teku, tana haɗa ta da garin kifin tana zubawa a miyar kuka, daddawa ta rufe ƙarnin. Kowane sabon gari sai ta ɗanɗana kafin ta ba shi. Sau da yawa nakan ji ta a banɗaki tana amai, ta fito ta kurkure baki, ta ɗauki cokali.

Baba, wanda ke aiki a gidan rediyo, yakan tsokane ta cewa ta mayar masa da gida kasuwar Baga. Ni abin bai ba ni dariya ba, don a makaranta yara sun daina zama kusa da ni. Ranar da na kai wa Umma kuka, ta ce, "Ƙarni yana fita da sabulu, Zainabu. Ƙafar ƙanenki fa?"

In rana ta leƙo, ko tuwo take tuƙawa sai ta sauke tukunya, ta kai shi filin wasa, ta naɗe masa wando har gwiwa, ta sa ni in riƙa jefa masa ƙwallo nesa da nesa. A hankali ƙafafun suka miƙe. Ban san rabon magani da na kifi da na rana a cikin warkewar ba, amma na san wadda ta haɗa su.

Yau man kifi da ciyawar teku cike suke a kantuna, cikin kwalabe masu kyau, ba wari ba daka. Umma ta rasu bara. Daga ƙofar masallaci na hango maza sun ɗaga makararta, Habibu ne a gaba, ya fi kowa tsawo, yana tafiya ba tangaɗi. Allah ya jiƙanta. Da ƙafafun da ta gyara aka kai ta.