Nélida Huamaní da Sunan da Ba Ta Faɗa Ba

Kowace safiya Nélida Huamaní takan tsaya wajen mai kunun kinuwa, hatsin tsaunukanmu, a bakin titi, ta sha kofi ɗaya a tsaye, sannan ta shiga ofishin masu gabatar da ƙara na lardinmu. Ɗakin gilashi, inda ake yi wa yara tambayoyi, take fara wucewa. Ta gyara ƙaramar kujera, ta duba ko wani mai tausayi ya ajiye alewa ko 'yar tsana, ta kwashe. Sai ta sa na'urar sauraro a kunne, ta yi magana da Saturnino, dattijon da ke ɗaukar hoto da murya a bayan gilashin.

"Kana ji na?"

"Ina jin ki, mamita. Har kukan cikinki."

"To rage shi, kada alƙali ya ɗauka shaida ce."

Galibi dariyar ranar ke nan gaba ɗaya.

Ɗakin rabe yake biyu. A gefe ɗaya Nélida ce da yaron da aka ci zarafinsa. A ɗaya gefen alƙali ne da mai gabatar da ƙara da lauyan wanda ake zargi, suna gani ba a ganinsu. Su aiko mata da tambaya ta kunne, ita ta sake mata fasali yadda yaro zai gane. Sau ɗaya ake wannan zama, kuma hoton da aka ɗauka shi ne zai je kotu a madadin yaron. Na daɗe ina ɗauko labaran kotu, na ga yadda ake yi a da. Yarinya ta faɗa wa ɗan sanda, ta faɗa wa likita, ta faɗa wa mai gabatar da ƙara, sannan a tsayar da ita gaban alƙali mutumin yana kallonta. Da yawa a nan suke yin shiru, shari'a ta mutu.

Amma hoton yana da sharaɗi. In mai tambaya ta sa wa yaro kalma a baki, ko ta yaba masa, ko ta ba shi kyauta, lauya zai nemi a soke shi. In an soke, yaron ne zai dawo da kansa.

Doka ba ta barin ɗan jarida ya shiga ɗakin. Abin da zan faɗa daga bakin Saturnino na ji shi, da kuma mai gabatar da ƙara Teófilo Arana, wanda ya yarda a ambaci sunansa.

Yarinyar 'yar shekara takwas ce. Zan kira ta Maribel, ba sunanta ba ne. Kakarta ce ta kawo ta daga wani ƙauye a tsaunukan Ayacucho, kuma wanda ake zargi mijin gwaggonta ne. Nélida ta yi mata magana da Keshuwa, harshen gidansu. Suka taɓa hirar makaranta. Da aka zo kan dalilin zuwanta, yarinyar ta kafe ido a kan takalminta.

Shirun ya yi tsawo. Arana, wanda bai daɗe da fara aiki ba, ya matsa kusa da makirufo.

"Tambaye ta ko mijin gwaggonta ne."

Nélida ta taɓa kunnenta da yatsa, alamar ta ji. Ba ta tambaya ba.

"Don Allah ki faɗi sunan kawai, ta gyaɗa kai. Mutumin nan zai kuɓuce mana."

Lauyan wanda ake zargi, in ji Saturnino, ya gyara zama ya cire murfin biro.

Yarinyar ce ta katse shirun. "In na faɗa, zan sake faɗa?"

"Ina ƙoƙari wannan ya zama na farko kuma na ƙarshe," in ji Nélida. "Fara daga inda kike so."

Ta fara daga ranar da aka aike ta ta kai ciyawa ga ɓerayen Masar da ake kiwo a bayan gida. Duk inda ta tsaya, abin da Nélida take cewa bai wuce "Sai me ya faru?" ba. Da bakinta ta kira sunan. Ta yi kuka, Nélida ta tura mata hankici, ba ta rungume ta ba, domin kyamara tana aiki.

A baranda Arana ya tare ta.

"Da ba ta yi magana ba fa?"

"Da mun rasa yau, ranka ya daɗe. Da na bi taka kuwa, da mun rasa shari'ar, mun kuma tsayar da ita gaban mutumin."

Kakar ta ji labarin kukan daga jikarta. Da suka zo wucewa ta ce, yadda kowa zai ji, "Matar nan kamar ba ta taɓa haihuwa ba." Nélida tana da 'ya'ya uku.

A kotu lauyan ya nemi a soke hoton a kira yarinyar. Hujjarsa ita ce da kunnensa ya ji an ambaci wanda yake karewa a bayan gilashi. Alƙalai suka kalli hoton daga farko har ƙarshe. Sunan ya shiga kunnen Nélida, bai fita ta bakinta ba. Suka ƙi buƙatar, daga baya aka ɗaure mutumin. Dangi sun daina gaisawa da kakar, har yau kuma ba su shirya ba.

Ke ce, Nélida, mai riƙe baki lokacin da manya suke matsa miki ki buɗe shi. Ke ce kika yarda a kira ki marar tausayi don kada a sake zaunar da yarinya a kujerar shaida. Ba duk yaran da suka shiga ɗakinki ne suka yi magana ba, wasu mazan da ake zargi kuma suna yawo a kasuwa har yanzu. Kin san fuskokinsu, kuma ba ki taɓa sa wa yaro suna a baki don ki kama su ba.

Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Har zuwa lokacin da nake wannan rubutu ba a naɗa wadda za ta gaje ta ba, akwai kuma yaran da suka yi watanni suna jiran layi. Saturnino ya ce bai san wa zai riƙa tsokana da safe ba.

Mun gode, Nélida. Wadda za ta zauna a kujerarki, da ɗan sanda da malamin makaranta da uwar da yaro zai fara buɗe wa baki, su koyi jira irin naki, su bar yaro ya faɗa da kalmominsa.

Ranar da alƙalai suke kallon hoton nan, Maribel tana aji a ƙauyensu. Ba a sake kiran ta ba.