Gorar Yaya a Hannun Baba

Yayana ɗan ƙwallon gora ne, wato hoki, kuma bai taɓa daɗewa a ƙungiya ɗaya ba. Bana yana Kaduna, baɗi Jos, can kuma mu ji ya yi kudu. Ba ya cikin waɗanda ake ambata a rediyo. In wani ya ji ciwo sai a nemo shi ya cike gurbi, in mai gurbin ya warke a sallame shi. Ni ke wanke masa rigunan wasa in ya zo hutu, da launin riga nake gane inda ya koma.

Abu ɗaya yake nema a gida: Baba ya sa wa sana'ar albarka. Duk zuwa sai ya durƙusa ya roƙa. Baba ya dubi gorar wasan nan tasa mai lanƙwasasshen kai ya ce, "Sandar da ba ta kiwo, ba ta kashe maciji, mi zan sa ma albarka?" Yaya ya yi dariya, amma sai ya tashi ya bar tuwonsa. Na sha kai kukana ga Allah, kada ɗayansu ya bar duniya da maganar nan a tsakaninsu.

Da gwiwa ta hana shi gudu, ya dawo gida Faskari ya kama noman masara, ya jingine gorar a bayan ƙofar zaure. A daminar nan ƙafafun Baba suka fara rauni. Wata Juma'a ya nemi sandarsa, ashe jikoki sun yi gaba da ita, sai ya ɗauki gorar ya juya ta. Lanƙwasar ta zauna daidai tafin hannunsa. Bai sake cigiyar tsohuwar ba.

Da kaka na je ganin gida daga gidan aurena. Ina kai fura zaure na ji abokin Baba, wani mai goro daga Yankara, yana tsokanarsa.

"Alhaji, wace irin sanda ce wagga, kamar mota ta taka ta?"

"Malam, bar ganinta haka, ta ɗana ce. Da ita ya zaga ƙasar nan, bai taɓa kwaso mana abin kunya ba. Yau ga ta tana kai ni masallaci. Allah ya yi mashi albarka."

Yaya na tsakar gida yana ɓarar masara, duk a kunnensa. Hannunsa ya tsaya. Na ce amin a hankali, na yi hamdala, na wuce shi da sauri don kada ya ga idona.

Sai ya kira ni. "Ƙanwata, akwai sauran tuwo?"